Kundin aikin mayar da bidiyon gida zuwa faifan DVD a Sakkwato

6 ga Janairu, 2025

An gama ware kayan aiki gida uku. Akwai kaset ɗin MiniDV na shekarun baya, masu ɗauke da hawan Sallah a Kanwuri, saukar karatu da tafsirin azumi na masallacin unguwa. Akwai bidiyon biki na awa biyu da minti 40 da aka ɗauka da kyamara mai kati. Sai guntattakin bidiyon waya da dangi suka yi ta turowa. Masu kayan faifan DVD suke so, irin wanda da an sa shi a na'ura zai tashi da kansa, domin dattawa za a raba wa a Wamakko da Bodinga da Gwadabawa, kuma da yawansu tsohuwar talabijin mai doro ce a ɗakinsu.

DVD yana da ƙa'idar da ba a tsallakewa. Tsarin talabijin na Najeriya PAL ne, saboda haka hoto ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, firam 25 a sakan, matsin kuma MPEG-2. Bitret, wato yawan bayanan da ake kashe wa kowane sakan na hoto, ba ya wuce kilobit 9,800, in an haɗa da sauti da komai kuma 10,080. Sauti mai matsi dole ya zama 48 kHz. Abu biyu ne suka rage a hannun mai aiki: yadda zai raba wurin da ke kan faifai, da yadda zai kiyaye siffar da aka ɗauki hoton da ita tun asali. A waɗannan biyun inganci yake samuwa ko ya salwanta.

11 ga Janairu

Kwashe kaset ta wayar FireWire ake yi, da manhajar WinDV, don ta nan abin da ke kan kaset yake shigowa kwamfuta yadda yake, ba a sake matse shi ba. Kowace awa tana cin kusan gigabait 13. Ƙananan na'urorin nan na USB masu waya ja da fara da rawaya ba su da wuri a wannan aiki, asara biyu suke jawowa kafin ma a fara.

Ƙurar hunturu tana toshe kan da ke karanta kaset, sai a ga hoto ya tsattsage gida-gida a kwance. Kaset ɗin wanki na sakan goma ya wadatar, kuma ba a maimaita shi barkatai domin yana cin kan. A rufe taga, a rufe kyamara da ƙyalle in ba a aiki. Kaset ɗin da aka ɗauka a saurin LP, mai minti 90 maimakon 60, mun ajiye su gefe: sun fi karantuwa a kyamarar da ta ɗauke su.

18 ga Janairu

Lissafin wuri. Faifan da aka rubuta wa 4.7 GB bait biliyan 4.7 yake ɗauka, wanda kwamfuta ke nunawa 4.37. Ba duka ake ba hoto ba, domin haɗa hoto da sauti yana cin kusan kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, ga kuma menu. In an ware megabait 4,500 don hoto da sauti, lissafin yana komawa abu mai sauƙin riƙewa: a raba 600,000 da yawan mintunan bidiyo, a cire bitret ɗin sauti, abin da ya rage shi ne matsakaicin bitret na hoto.

Minti 90 yana ba da 6,666, a cire 224 na sauti, saura kusan 6,400. Minti 120 yana ba da 5,000, saura 4,700 da ɗoriya. Bikin minti 160 yana ba da 3,750, saura 3,500, kuma wannan bai isa cikakken hoto mai motsi ba ko kusa. Awa uku kuwa 3,100 ne kacal.

Wannan 600,000 na faifai mai kyau ne. In faifan kasuwa ne wanda ba a san asalinsa ba, 550,000 za a sa. Dalili shi ne bugawa daga tsakiya take farawa ta nufi gefe, kuma gefen ne rinin faifai mai arha, wato shafen da ake rubuta bayani a kansa, yake fi rashin daidaito. Shi ya sa ake yawan jin faifai ya yi lafiya har sai an kusa ƙarshe sannan ya fara sarƙewa. Gara a bar gefen fanko.

Akwai wani adadi da ya kamata a riƙe: minti 73. Duk bidiyon da bai kai haka ba zai shiga faifai ɗaya a tsayayyen bitret na 8,000, wato CBR, ba sai an wahalar da kai ba. Daga nan zuwa sama sai VBR, wato bitret mai hawa da sauka, mai zagaye biyu. A zagayen farko manhaja tana kallon bidiyon duka ta gane inda motsi ya yi yawa da inda ya lafa, a na biyu ta raba, kamar yadda mai rabon tuwo take fara duba waɗanda suka dawo daga gona kafin ta ɗauki mara. Lokacin aikin yana ninkawa, amma a bidiyon da ya haura awa ɗaya da rabi bambancin a bayyane yake.

25 ga Janairu

Maganar saƙar hoto, wadda ta fi kowace ɓata faifan gida. Kyamarar DV ba cikakken hoto 25 take ɗauka a sakan ba. Rabi-rabi 50 take ɗauka, rabi ɗaya layukan sama, ɗaya layukan ƙasa, a saƙa su cikin juna. Kowane rabi da lokacinsa, don haka akwai wanda ya riga wani. A DV na PAL rabin ƙasa ne yake farawa. A kyamara mai kati ta AVCHD 1080i rabin sama ne. Manhajar MediaInfo tana nuna wannan, a duba kowane fayil kafin a taɓa shi.

In aka gaya wa manhajar matsi akasin abin da yake, talabijin za ta riƙa nuna na biyu kafin na farko, na huɗu kafin na uku. Mun buga gwaji biyu a DVD-RW, ɗaya daidai ɗaya a juye, don masu taya aiki su ga yadda abin yake da idonsu. A wanda aka juya, doki yana sukuwa yana karkarwa, ya yi gaba ya ɗan dawo baya, ido ba ya jure minti ɗaya. A allon kwamfuta kuwa da ƙyar a lura. Saboda haka tsohuwar talabijin mai doro da na'urar DVD mai arha suna nan kusa da tebur, kuma ba a amince da saiti sai ya wuce ta kansu.

Wasu suna warware saƙar su mayar da hoton cikakke don gudun haƙoran nan da ake gani a gefen abu mai motsi a kwamfuta. Ba mu yarda da wannan ba. Rabin motsin ake zubarwa, bidiyon ya rasa santsinsa. DVD ya san saƙa, tsohuwar talabijin don ita aka yi ta, filasma kuma tana warwarewa da kanta.

Mai aiki da manhajar ffmpeg ya lura: umarnin -target pal-dvd yana saita girman hoto da sauran ƙa'ida, ya sa matsakaici 6,000, ƙololuwa 9,000, sauti 448, amma ba ya kunna matsin saƙa. Sai an ƙara -flags +ildct+ilme, an kuma faɗa masa setfield=bff ga DV. A manhajar HCenc zaɓi ne da ake dannawa, kuma ita muka tsayar don matsi na ƙarshe.

1 ga Fabrairu

Hawan Sallah, minti 62. Babu abin da ya fi wannan wahalar matsewa a cikin kayan. Dawakai suna gudu, ƙura ta tashi ta rufe rabin allo, kayan doki suna walƙiya, mai kyamara yana binsu da hannu cikin turmutsutsu. MPEG-2 yana samun sauƙi ne in firam ya yi kama da na bayansa, ya aika bambancin kawai. Ƙura ba ta maimaita kanta, kowane firam sabo ne.

An yanko minti uku na wurin jafi, an matse shi sau uku. A 5,000 ƙurar ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, fuskokin mahaya suka narke. A 6,500 murabba'an sun ragu, amma akwai tsaki-tsaki a kewayen aikin rigar mahayi da gefen laima. A 7,500 da ƙololuwa 8,500 hoton ya tsaya, sai wanda ya matso jikin allo zai ga saura. A nan muka tsaya, faifan ya tashi kusan gigabait 3.7.

Lissafi ya ba da damar a haura 9,000, kuma ƙa'ida ta yarda, amma ba mu hau ba. Faifan da aka buga a gida ba ya mayar da hasken idon na'ura kamar na masana'anta. Tsohuwar na'ura mai ido da ya sha ƙura tana fama ta karanta da sauri haka, sai hoto ya tsaya cak, sauti ya yanke, daidai wurin da motsi ya fi yawa, wato wurin da ake son gani. Ribar da ke tsakanin 8,500 da 9,500 ba ta kai wannan haɗarin ba.

Sauran saituna na wannan faifai: GOP, wato rukunin firam da ke farawa da cikakken hoto, 12, domin PAL ba ta yarda ya wuce 15 ba, firam B, masu aro daga na gaba da na baya, biyu a jere, a bar manhaja ta buɗe sabon GOP duk inda aka yanka hoto, a kuma rufe shi a farkon kowane babi don tsallake ya faɗa daidai. Ma'aunin DC, wanda ke daidaita matakan haske da launi, a sa 10. Amfaninsa yana fitowa a sararin sama mai hazo, wanda a 8 yake rarrabuwa zobe-zobe maimakon ya tafi sumul.

Wani abu da ya shafi mu musamman: farar shadda da farin rawani a ranar Sakkwato. Hasken bidiyo tsakanin 16 da 235 yake, amma ƙananan kyamarorin DV suna ɗaukar fari har sama da 235. In an bar shi haka, talabijin za ta yanke abin da ya haura, babbar riga ta zama farin faranti babu aiki babu ninki. An sauko da saman hasken kaɗan kafin matsi, sai ga aska takwas ta bayyana a ƙirjin rigar da a baya ba a ganin komai.

8 ga Fabrairu

Tafsiri, ana son sa kafin azumi. Kyamara a kan ƙafa take, malam da mai jan baƙi suna zaune, bango ba ya motsi. Ƙa'idar DVD ta yarda da rabin faɗi, 352 da 576, kuma tun da ɗigon ya ragu da rabi, 3,100 ta ishe shi har da rara. Zama uku na awa ɗaiɗai sun shiga faifai ɗaya, an raba babi a farkon kowace sura da kowane minti goma. Rubutun ƙyallen da ke bayan malam ya ɗan yi laushi, fuska kuwa tsaf. Wannan girman na hoto mai siffar 4:3 ne kawai, ba ya ɗaukar mai faɗi.

A nan sauti ne jigo. Matsin sauti na AC-3 aka zaɓa, 192 don magana, 224 don kiɗa. Sauti marar matsi na LPCM yana cin 1,536, wato megabait 691 a awa, alhali 224 megabait 101 take ci, kuma kunne ba ya rarrabewa a sautin da aka ɗauka da makirfon kyamara. MP2 halal ne a PAL, amma AC-3 ne babu na'urar da ke ƙin sa. Wasu kaset ɗin an ɗauke su a 32 kHz, an mayar da su 48. Bayan haka a je ƙarshen kowane kaset a duba baki da murya, domin in akwai zamewa can take taruwa.

15 ga Fabrairu

Biki. Hoton 1920 da 1080 ne mai saƙa, za a sauko da shi 720 da 576. Ba a rage girman saƙaƙƙen hoto kai tsaye, layukan rabi biyun za su cakuɗe, gefen duk abin da ke motsi ya zama igiyar ruwa, kuma ba ya gyaruwa daga baya. Matakan su ne: a warware saƙar zuwa cikakken firam 50 da matatar QTGMC ko bwdif, a rage girma, a ɗan tausasa hoton daga sama zuwa ƙasa, sannan a sake saƙawa rabin sama na farawa. Tausasawar tana hana ratsin atamfa da saƙin hula yin rawa a tsohuwar talabijin. A sa alamar 16:9, in ba haka ba mutane su fito dogaye sirara.

Launi ma sai an juya. Bidiyo mai girma da ma'aunin BT.709 ake ɗaukarsa, DVD kuma BT.601 ne. In ba a juya ba ja yana duhu, kore yana ƙara haske. Ankon ƙawayen amarya ja da kore ne, shi aka riƙa gwadawa da hoton asali gefe da gefe har suka daidaita.

Ɓangaren dare cike yake da yashi-yashi, saboda kyamara ta ƙara wa kanta haske. Manhajar matsi ba ta san yashi ba ne, tana kashe masa bitret kamar hoto na gaske. An tace shi da matatar hqdn3d da sauƙi. In aka matsa tacewar fuska tana komawa kamar roba, kwalliyar lalle ta shafe.

Shawarar da aka ba mai bikin ita ce faifai biyu, minti 80 kowanne a 7,200, a yanka tsakanin wuni da dare. Ya tambayi mai hawa biyu na 8.5 GB, wanda zai ɗauki duka a kusan 6,500. Aka ce masa, «Alhaji, a gidanka zai yi, amma na'urorin ƙauye a wurin sauya hawa suke maƙalewa.» Ya yarda da biyun. Wanda ya ga dole sai mai hawa biyu, ya nemi DVD+R DL mai lambar MKM, ya bar manhajar bugawa ta ImgBurn ta nuna masa wuraren da za a iya sauya hawa, ya zaɓi inda hoto ya yi shiru.

22 ga Fabrairu

Bidiyon waya. Yawanci firam 30 ne, kuma saurin ba tsayayye ba, yana hawa yana sauka. Sai an fara tsayar da shi, in ba haka ba murya ta bar baki. Daga 30 zuwa 25 in aka zubar da firam ɗaya cikin shida ana ganin tuntuɓe duk lokacin da kyamara ta juya. Kai shi 50 sannan a saƙa ya fi santsi. Ba a haɗa PAL da NTSC, tsarin talabijin mai firam kusan 30, a faifai ɗaya, kuma ba mu yi faifan NTSC daban ba domin wasu tsofaffin talabijin baƙi da fari suke nuna shi.

Wanda aka ɗauka a tsaye, ɗigo kusan 228 cikin 720 kawai yake samu. An bar gefensa baƙi, don baƙi ba ya cin bitret, saɓanin dusasshen hoton da wasu ke cike gefen da shi. Abin da ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, ba saitin da zai dawo da abin da ya tafi, an nemi dangi su kawo asalin ta waya ko kati. Sunaye da kwanan wata a menu an janye su kashi goma cikin ɗari daga kowane gefe, domin tsohuwar talabijin tana cinye bakin hoto.

8 ga Maris

Faifai da bugawa. Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne, akwai jabu a kasuwa. ImgBurn tana nuna lambar masana'anta da ke cikin faifan: MCC 03RG20 a DVD-R da MCC 004 a DVD+R suna cikin waɗanda aka daɗe da yarda da su. TYG03 na Taiyo Yuden ma haka, sai dai kamfanin ya bar sana'ar a ƙarshen 2015. Lambar ma akan kwaikwaye ta, don haka ana sayen kaɗan a gwada kafin a ɗauki kwali.

DVD-R muka ɗauka don na rabo. Ya riga DVD+R fitowa, 1997 da 2002, tsofaffin na'urori sun fi saninsa. Mai DVD+R a hannu ya sauya masa alama zuwa DVD-ROM in na'urar bugawarsa ta yarda.

An haɗa menu da babi a manhajar DVDStyler, an hana ta sake matse hoto, domin matsi na biyu yana rushe duk aikin baya. Bugawa a ImgBurn, tsarin ISO9660 da UDF 1.02, jakar VIDEO_TS da AUDIO_TS fanko, a rufe faifan a zama ɗaya. Faifai mai 16x a 6x ko 8x ake buga shi. Maganar cewa mafi jinkiri shi ya fi kyau ta zamanin tsofaffin faifai ce, rinin mai 16x ba don 2x aka haɗa shi ba. A kunna tantancewa bayan bugawa. In wuta ta ɗauke ana tsaka da bugawa faifan ya mutu, saboda haka a kan inbata ko batirin laftof ake yi.

22 ga Maris

An auna samfura da manhajar Nero DiscSpeed a na'urar Lite-On. PIE da PIF ƙidayar kurakuran karatun faifai ne, iyakar ƙa'ida kuma ita ce PIE kada ya wuce 280, PIF kada ya wuce 4. Faifai masu kyau a 8x sun zauna can ƙasa da iyaka daga farko har ƙarshe. Na kasuwa sun fara lafiya, suka yi tsalle bayan gigabait 4, daidai inda lissafin 550,000 yake tsayawa. An ware su don tafsiri mai zama biyu da bidiyon waya, waɗanda ba sa kaiwa gefe.

5 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40 da rana. Rinin faifan gida ba ya shiri da zafi da hasken rana, don haka a takardar da ke cikin kowane gida an rubuta: kada a bar shi a mota ko bakin taga, a ajiye shi a tsaye cikin gidansa, a busa ƙura kafin a goge, a goge daga tsakiya zuwa gefe ba a kewaye ba. Ba a liƙa sitika, zafi yana ɗaga ta, nauyinta kuma yana sa faifai rawa a cikin na'ura. Da maka mai laushi aka rubuta suna. An mayar da bugawa zuwa bayan sallar asuba da dare, ana hutar da na'ura tsakanin faifai uku-uku.

Fayilolin DV na asali da na katin kyamara an kwafe su a ma'ajiyar waje guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a gidan masu kayan, tare da hoton ISO na kowane faifai don sake bugawa ba sai an sake matsi ba. An miƙa hawan Sallah, tafsiri da biki. Saura saukar karatu, wadda kaset ɗinta na LP ne, ana jiran a kawo kyamarar da ta ɗauke su daga Illela.